Tuban Mai Barin Tramol A Shekarar Da Aka Rufe Masallatai

 

A ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Nijar. Kafin watan ya ƙare an rufe iyakoki da makarantu, an dakatar da sallar jam'i. Azumi ya kama cikin zafin bazara, ba tarawihi a masallaci, ba zaman tafsiri, kuma ba a buɗe masallatai ba sai 13 ga Mayu. Ko a ƙauyukan da jami'an tsaro ba su cika leƙawa ba, tsoro ya raba sahu, shimfiɗar wazifa ta yi kwanaki a naɗe.

A cikin waɗannan kwanaki wani matashi a Baudeta, cikin yankin Tasawa, ya ɗauri niyyar rabuwa da tramol. Da ciwon baya ya fara shan ta, lokacin da yake barema a gonakin hatsi da gujiya, kuma a hannun mai tallan magani ya saya ranar kasuwa, a matsayin magani. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, har ya kai ba ya iya ɗaga hauya sai da ita. Bai daɗe da karɓar ɗariƙa ba annobar ta zo. Cirani ya mutu, domin Najeriya ta rufe iyakarta tun Agustan 2019, aljihu ya bushe, zuciya kuma ta fara jin kunyar riƙe tasbaha da hannun da ke ɓare ƙwaya. Wata rana bayan la'asar ya zubar da abin da ya rage masa a masai, ya yi alwala, ya tuba.

Kashegari jiki ya tayar. Majina da hamma ba iyaka, gumi da sanyi lokaci guda, ciwon gaɓoɓi, zawo, ƙafafu sun ƙi natsuwa, barci ya ƙaurace. Mutanen gida suka ja baya, don a ganinsu korona ce. Shi ya san ba ita ba ce, amma faɗin gaskiya tonon asiri ne, zuwa likita kuma yana tsoron a killace shi. A dare na uku ya lallaɓa ya sayo. Abin da ya fi ciwon jikin zafi shi ne abin da ya biyo baya: ya yanke wa kansa hukunci cewa shi munafuki ne, ya daina lazimi, wai bakinsa bai cancanci istigfari ba. Da ƙyar yayansa ya kai shi wurin manjo. Manjo ya ce masa kada ya sake yankewa rana ɗaya, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan bisa tsarin da zai rubuta masa.

A nan tambayar take. Malamai sun ce sharaɗin tuba uku ne: barin saɓon nan take, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. To mutumin da ya tuba yau, amma gobe da safe zai haɗiyi ƙwaya bisa umarnin ma'aikacin lafiya, jibi ma haka, har tsawon makonni, ya tuba ko bai tuba ba?

Masu cewa bai tuba ba suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Duk wanda ya san nafsu ya san ba ta da abokin ciniki kamar kalmar "sannu a hankali". Da ita take jan mutum shekara goma. Wasu kan kawo cewa giya ma a mataki-mataki aka haramta ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Haka ne, sai dai wancan mataki na saukar hukunci ne, kuma hukunci ya riga ya cika. Ba wanda zai ce yau yana kan matakin Baƙara. Wannan hujja ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyin mas'alar.

Abin da ke ɗaukar ta shi ne sanin yadda ƙwayar take aiki. Tramol dangin magungunan da ake kira ofiyoyid ce, masu kashe zafin ciwo, kuma tana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu riƙe da natsuwa da walwala. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, alhali ƙwayoyin da ke yawo a kasuwanninmu akwai masu 200 da 225 a guda ɗaya. Wanda ya ɗau watanni yana sha, jikinsa ya sake gina ma'auninsa a kanta, kamar katangar da ta jingina da gungume. A fizge gungumen lokaci guda, katanga ta faɗi. Wannan rawar jiki da zawo ba raunin imani ne ya kawo su ba, waliyyi ma da zai sha abin da yaron nan ya sha, da haka jikinsa zai yi. Wanda kuwa ya haɗa da ƙwayoyin barci irin su diyazefam, yankewa farat ɗaya na iya jawo masa farfaɗiya har ta kai ga rasa rai. Shari'ar da ta hana mutum halaka kansa da sha ba za ta umarce shi ya halaka kansa da bari ba.

Saboda haka saɓon da ake bari nan take shi ne sha don biyan buƙatar rai, da saye a ɓoye, da ƙarya ga iyali. Wannan ana iya yanke shi cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wajibi ne a yanke. Abin da ya saura a jiki cuta ce, hukuncinsa hukuncin jinya. Mutanen tarbiyya ma sun daɗe da sanin wannan hanya. Imamu Gazali, a littafin karya sha'awa biyu na cikin Ihya'u, ya shawarci wanda ya saba cin gurasa biyu kuma yake son komawa ɗaya da ya riƙa rage ɗan yanki kullum, ta yadda zai kai ga guda cikin wata ɗaya ba tare da ya cutu ba. Da manjon nan ya karanta Ihya'u, da ya ga takardarsa a ciki.

Sai dai akwai sharaɗin da idan ya faɗi, maganar masu suka ta tabbata. Ragewar ba ta zama jinya sai ma'aunin yana hannun wani. Likita ya ƙayyade adadi da rana, wani amintacce ya riƙe ƙwayoyin, mai jinya ya miƙa hannu a ba shi. Wanda ya ce shi zai auna wa kansa, ƙwaya na aljihunsa, ya naɗa ɓarawo gadin rumbu. Muridi bai kamata ya ji wannan baƙo ba, shi da ya riga ya yarda cewa rai ba ta yi wa kanta tarbiyya.

Nan ne annobar ta fi cutar da irin wannan bawa, domin ta ɗauke masa mutane a lokacin da ya fi buƙatar su. An yi ta faɗi a lokacin cewa zaman gida halwa ce Allah ya ba al'umma. Maganar tana da daɗi, amma halwa da izini ake shigarta, da kwanaki ƙidayayyu, da shehin da ke bibiyar halin mai ita. Wanda aka bari shi kaɗai a ɗaki da wasuwasi, dare ya raba idonsa biyu, ba halwa yake ba. Mai azumi yana jure ƙishirwa don ya san magariba na tafe. Annobar ba ta faɗi ranar tafiyarta ba: ta lafa, ta sake tasowa a ƙarshen 2020, aikin Hajji ya gagari mutanen waje shekara biyu a jere. Barin ƙwaya ma haka yake. Ciwon jiki mai tsanani yakan sauka cikin mako ɗaya ko biyu, amma rashin barci da ƙuncin zuciya da kasala sukan ja makonni ko watanni, kuma a nan mafi yawa suke komawa.

Wanda bai san ƙarshen wahalarsa ba, abin da ya fi masa amfani shi ne a yanka masa lokaci gunduwa-gunduwa. Lazimi yana yin haka: istigfari 100, salati 100, hailala 100 da safe, a maimaita da yamma. Ba a tambayi muridi ya ɗauki shekara ba, daga asuba zuwa la'asar kawai zai kai. Ɗariƙa kuma ta yi wa marar lafiya rangwame a wuridi, kuma wanda bai samu sharaɗin karanta Jauharatul Kamali ba yana da madadinta, Salatil Fatihi 20. Da yaron nan ya san haka tun farko, da bai ajiye tasbaha ba. Istigfari ai don mai laifi aka ajiye shi.

Ƴan'uwa ma suna da nasu kason. Sunan "ɗan ƙwaya" ya kori matasa da dama daga bakin zawiya. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya kuma yi masa shaidar son Allah da ManzonSa. An tsayar masa da hukunci, ba a cire shi daga sahu ba.

Matashin na Baudeta yayansa ne ya riƙe ƙwayoyin a akwatinsa, yana ba shi abin da manjo ya rubuta. Wani ɗan'uwa daga zawiya yakan kira shi a waya bayan magariba, su fara wazifa tare kowa a gidansa. Da damina ta sauka, aikin noma ya tayar da ciwon bayan, ya zame sau ɗaya. A daren ya faɗa wa yayansa da bakinsa, da safe suka koma wurin manjo aka gyara tsarin, ya yi lazimin safiya a kan benci yana jiran layi.