Hemar Rufaida da asibitin Boguila

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, an sa hannu kan sulhu a Bangui a Fabrairun 2019, amma harsashin da ya shige ƙashi bai san da takarda ba. Yaƙin da ya ɓarke a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2013 ya rusa asibitoci, ya kori ma'aikata. Har yau mace na naƙuda babu ungozoma kusa, zazzaɓin cizon sauro na ɗaukar yara. Likitocin agaji ke toshe wannan giɓi, irin na MSF da mutanen Madarunfa suka sani wajen jinyar yara masu tamowa. Sun kuwa biya da jini: a Afrilun 2014 ƴan bindiga suka faɗa asibitin Boguila suka kashe mutum 16, uku ma'aikatan ƙungiyar ne.

Wani muridi kan ce aikin Nasara ne, ba ruwansa. Ya manta da Rufaida, Allah Ya yarda da ita, wadda ta kafa hema a masallacin Madina tana ɗaure raunuka. Can Annabi (SAW) ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a Handaƙ. Jinya ta samu wuri cikin masallaci, ina ga zawiya! Hannun da ke jan tasbaha a wazifa ana jiransa wurin ba da jini.

Allah Ya warkar da majinyatan ƙasar, Ya tsare masu jinyarsu, albarkar Annabi (SAW). Amin.