Yaron shago ya ɗauka: laifin waye?

'Yan'uwa, kuka ya yi yawa kan yaran shago da ma'aikatan gidan abinci: a sayar a soke kuɗin a aljihu, a ƙara farashi a ɓoye, a karɓi tiransifa ta asusun kai. Wannan ha'inci ne, haramun ne, kuma ƙarancin albashi ba ya halatta shi.

Amma kai ma maigida, tsaya. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa bayin Haɗib sun saci taguwa suka yanka. Da Sayyidina Umar ya gane da yunwa ake barinsu, sai ya ci ubangidansu tarar dirhami 800, ninki biyu na kuɗin taguwar.

To yaron da ya shekara bakwai yana maka wahala, ba albashi tsayayye, ba ranar sallama, wace ƙofa ka buɗe masa?

Ka yanka masa haƙƙinsa, ka biya kan lokaci. Ku rubuta komai. Ai aya ta 282 a Baƙara rubuta bashi ta umarta. Ku yi lissafi kullum kafin a rufe shago, kariya ce gare ku duka daga zargi. Sa kyamara ba laifi, amma fara da adalci.

Allah ya tsare mu daga cin haram.