Sikelin Kawu

Shekara ashirin da biyar Kawu ya yi yana shan taba, tun yana yaron mai gyaran rediyo a gida har ya zama ƙwararren ma'aikacin lantarki a birnin Manchester. Tari ne ya raba shi da ita, irin mai tayar da mutum tsakar dare ya zaunar da shi a bakin gado. Ya gwada cingam ɗin nikotin, ya gwada filastar da ake mannawa a dantse, duk ba su riƙe shi ba. Sigarin lantarki ne ya riƙe shi, na'urar nan da wani mai haɗa magunguna ɗan China, Hon Lik, ya ƙera a 2003, shi ma mashayin taba ne wanda ciwon dajin huhu ya kashe mahaifinsa. Ba a ƙona ganye a cikinta. Batir ke zafafa waya, waya ta mai da ruwa tururi. Kawu bai taɓa yabon ta a gaban kowa ba. Abin da yakan maimaita shi ne maganar hukumar lafiya ta Ingila, NHS: illarta ba ta kai ta taba ba, amma tana da tata, kuma wanda bai taɓa shan taba ba, ba shi da abin nema a wurinta.

Da yake hannunsa ya saba da waya, bai iya ci gaba da sayen kwayil na kanti yana yarwa duk mako biyu ba. Sai ya koyi naɗa nasa, ya koyi haɗa ruwansa, ya tara kayan aikin a wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo da ke zama a saman kabad. Ta haka ya riƙa rage ƙarfin nikotin da hannunsa, daga miligiram 18 a kowace mililita har ya sauko 3. A nan ya cije, shekara da shekaru.

Auta ɗan ƙanwarsa ne, ya zo karatun digiri na biyu ya sauka a gidan. Bai cika wata ba Kawu ya ji warin taba a jikin rigar sanyinsa.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu, Kawu."

"Mahaifiyarka ta sani?"

Auta ya sunkuyar da kai. Kawu bai yi faɗa ba, don ya san faɗa bai raba shi kansa da ita ba. Ranar Asabar ya sauko da akwatin ya buɗe a kan teburin cin abinci.

Auta ya zaci zai ga manyan na'urori. Abin da ya gani tarkace ne ƙanana: ƙullin waya siririya, 'yar filaya mai yanka waya daidai gindi, sukurudireba kamar tsinken sakace, sandunan ƙarfe masu kauri daban-daban da ake naɗa waya a kansu, almakashi, auduga ta Japan da ba a wanke da sinadarin farantawa ba, da hantsaki mai bakin tangaran. Kawu ya ɗaga wayar ya ce sunanta Kanthal, haɗin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, ya san ta tun a cikin murhun lantarki kafin ya san ta a nan. Ya naɗa ta sau shida a kan sanda mai kaurin milimita 3, ya ɗaure ƙafafunta da kusoshi, ya danna wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja daga tsakiya zuwa gefe. Ya matse ta da hantsakin tana ja, ya ce da bakinsa ƙarfe ne da wuta ta haɗu nan take. Sannan ya zura auduga ta zama lagwani, ba cunkushe ba, ba sako-sako ba. Ya gargaɗe shi cewa wayar nikel da ta titaniyam ba a gasa su haka har su yi ja.

Abu biyu ya ajiye gefe guda ya dafa: mitar auna turjiyar waya, da ɗan sikeli mai gane kashi ɗaya cikin ɗari na giram.

"Duk sauran za ka iya ara," in ji shi. "Waɗannan biyu in babu su, rufe akwatin."

Auta yaro ne mai kaifin kai, kuma kaifin kai kan zo da gaggawa. Cikin mako uku naɗinsa ya fi na Kawu kyau a ido. Ya shiga kallon bidiyon masu busa gajimare, ya sayo irin na'urar nan da ba ta da komai a ciki sai bututun ƙarfe da batir da maɓalli, babu wata kariya da za ta yanke wuta in abu ya ɓaci. Ya naɗa mata waya mai kauri guda biyu, yana shirin dannawa Kawu ya shigo.

"Ka ɗora a mita?"

"Kawu, ai ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"A kasuwar hatsi. Ɗora."

Mita ta nuna om 0.1. Kawu ya miƙa masa biro ya ce ya raba ƙarfin batir da wannan adadin, dokar Ohm ke nan da ake koya wa 'yan sakandare. Batirin 18650 in ya cika yana ba da bolt 4.2. Auta ya raba, ya sami amfiya 42. Kawu ya juya batirin ya nuna masa iyakar da masu ƙera shi suka yanka, amfiya 20. Ya kuma nuna masa inda ledar jikin batirin ta ɗan yage a wuya, wurin da makulli ko kwabo a aljihu ya isa ya haɗa wuta. Ya gaya masa cewa a watan Mayun 2018 irin wannan na'urar ta fashe a hannun wani mutum a jihar Florida ta Amurka, ɓaraguzanta suka shiga kansa, ya mutu a ɗakinsa. Auta ya daɗe yana kallon lambar da ya rubuta da hannunsa, sannan ya kwance wayar.

Daga ranar ya zama wani mutum a gaban akwatin. Da aka zo haɗa ruwa, bai yi gardamar safar hannu ba, don Kawu ya ce nikotin na ratsa fata. Ya koyi cewa gindin ruwan abu biyu ne, gilisarin mai kauri da ke ba da tururi, da furofilin gilaikol mai tsinkewa da ke ɗaukar ƙamshi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne: mililita ɗaya ta gilisarin giram 1.26 ce, ta ɗayan kuwa ta ɗan haura giram ɗaya kawai. Shi ya sa ake haɗawa a kan sikeli, ana mai da shi sifiri bayan kowane zubi. Sau ɗaya ya kawo wani ƙamshin lemo mai maiƙo daga kantin kayan kek, Kawu ya karɓe ya ce mai ba ya shiga huhu ya fita lafiya. A 2019 Amurka ta ga haka, lokacin da 'yan kasuwar bayan fage suka riƙa cakuɗa wani sinadarin bitamin E mai maiƙo a ruwan wiwi na busawa. Zuwa Fabrairun 2020 hukumar CDC ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar a asibiti, 68 sun mutu.

Auta har ya zarce malaminsa. Ya sayi littafi, kowace kwalba ya rubuta ranar haɗa ta, ƙarfinta, da nauyinta duka da kwalbar, ya manna takarda a jikinta. Kawu kan yi dariya ya ce wannan kuma ƙarin gishiri ne, shi da ya shekara goma a kai ko da ido rufe zai haɗa.

Wata Lahadi babbar 'yar Kawu ta kawo 'yarta mai shekara biyu ta bar wa Hajiya matar Kawu, ta tafi aikin yamma. Yarinyar ita ce hasken gidan, Kawu ba ya kiran ta sai amaryata. Tana barci a falo, su kuma suna kicin suna haɗa kwalba mai mililita 60 mai ƙamshin mangwaro: hamsin na ruwa marar nikotin, goma daga 'yar kwalbar nikotin mai ƙarfin 18. Dokar ƙasar tun 2017 ta hana sayar da wanda ya wuce miligiram 20 a mililita, ta hana kwalbarsa wuce mililita 10, ta kuma tilasta murfin da yaro ba ya iya buɗewa. Auta ya auna, ya rubuta, ya haura sama yin alwala. Kawu ya ɗauki murfin zai rufe sai wayarsa ta yi ƙara, kira daga gida, maganar rashin lafiyar yayansa. Ya ajiye murfin ya fita tsakar gida inda ya fi jin magana.

Ihun Hajiya ne ya dawo da su. Yarinyar na tsaye kan kujera, kwalbar a hannunta, gaban rigarta ya jiƙe, bakinta na ƙamshin mangwaro, tana kuka tana tofarwa. Kafin Kawu ya gama danna 999 ta fara amai, fuskarta ta koɗe, yawu na zuba. Matar da ta ɗauki kiran ta ce kada a tura mata yatsa a baki, a cire rigar a wanke fatar da ruwa, a taho da kwalbar. Ta tambaya ko sun san yawan abin da ta sha. Kawu ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Hannun nan da bai taɓa rawa a gaban wayar wuta ba ya kasa riƙe wayar salula.

Auta ya ɗauki kwalbar ya ɗora a sikeli, ya buɗe littafinsa, ya cire murfin daga lissafi bayan ya auna shi daban. Giram 2.4 ne suka ragu. Da nauyin wannan haɗin, mililita biyu ke nan, miligiram shida na nikotin in ma duka ta haɗiye, alhali wani ya tafi a riga. Ya rubuta a takarda ya miƙa wa ma'aikatan motar asibiti, su kuma suka miƙa wa likita. Likitar ta duba takardar, ta duba nauyin yarinyar, ta ce yawancin iyaye kan zo mata da kwalba marar suna da kuka kawai, sai ta ɗauki mafi munin zato. Ta ce da 'yar kwalbar mai ƙarfin 18 yarinyar ta samu, da wannan kurɓin ya ninka sau shida. Abin ba wasa ba ne: a Disambar 2014 ruwan nikotin ya kashe wani yaro ɗan shekara ɗaya a jihar New York. Aka sa wa yarinyar na'urar bibiyar bugun zuciya, aka riƙe ta har dare ya raba. Aman ya tsaya, ta yi barci.

A barandar asibitin Auta ya matso kusa da Kawu ya yi ƙasa da murya.

"In Yaya ta zo, zan ce ni na bar ta a buɗe. Ni baƙo ne, fushinta a kaina zai wuce da wuri."

Kawu ya girgiza kai. "Kai ka yi naka, ɗana. Murfin yana hannuna."

Haka ya faɗa wa 'yarsa da ta iso da kayan aiki a jikinta, bai rage komai ba, har da wayar da ya fita amsawa. Ba ta ɗaga masa murya ba, ba ta taɓa yi ba. Ta rungumi 'yarta ta ce, "Abba, ba zan sake kawo ta ba muddin abin nan yana cikin gidan." Hajiya ta so ta sa baki, Kawu ya ɗaga mata hannu ya ce gaskiyarta ce.

Washegari shi da Auta suka kwashe duk kwalbar da ke da nikotin, suka tambayi hukumar unguwa inda ake karɓar irin wannan shara, suka kai. Akwatin ya koma ɗakin ajiya na bayan gida, aka ƙara masa kwaɗo na biyu. Saukowa daga 3 zuwa sifiri ta fi masa duk saukowar baya wuya. Ya yi makonni yana faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba, barci na gagarar sa, sau biyu yana tsayawa a ƙofar kantin taba kafin ya wuce. Auta ya bi shi a hankali, yana rage nasa rabi-rabi, yana ajiye kwalabensa a kabad mai makulli a makaranta.

Sai bayan wata biyu 'yar Kawu ta sake kawo yarinyar. Ba ta zauna ba sai da ta shiga kicin ta buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya, Kawu na tsaye yana miƙo mata makullan waɗanda ke rufe.