Farcen Roba da Alwalarki: Tunatarwa Ga 'Yan Uwa Mata

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yar uwa, kwanakin baya a ajinmu na matan aure a Ƙaura Namoda muna karatun farillan alwala, sai wata ɗaliba da ta dawo daga bikin ƙanwarta a Gusau ta ɗaga hannu. Da ganin yatsunta na gane tambayar. Ta ce, "Malama, yau kwanana goma sha biyu da sa wannan akaifa, kuma ban bar sallah ko ɗaya ba. Akwai laifi?" Wallahi jikina ya yi sanyi, domin baiwar Allah ce mai kula da ibada. Na tabbata akwai irinta a Shinkafi, akwai a Zurmi da Badarawa, shi ya sa na kawo maganar wannan fili.

Kafin hukunci, mu san abin tukuna. Asalin wannan farce daga wani likitan haƙori ne a Amurka mai suna Fred Slack. Farcensa ya karye a wurin aiki a shekarun 1950, sai ya gyara shi da sinadarin da suke aikin haƙori da shi, wato akirilik. Ga yadda ake sa shi a yau: mai gyaran za ta goge saman farcenki har ƙyallinsa ya tafi, ta shafa wani ruwa don abin ya kama. Sai ta tsoma burushi cikin wani ruwa mai warin gaske, ta dangwalo gari, su zama kamar ƙullu. Za ta shimfiɗa ƙullun cikin ɗan mazubin roba mai siffar farce ta danna a kan naki, ko ta liƙa takarda a ƙarƙashin bakin farcen ta gina tsawon a kanta. Cikin 'yan mintoci ya daskare, sai a ɓamɓare mazubin. Daga nan farcenki na asali ya rufu ruf, kuma haka zai zauna mako biyu zuwa uku kafin a yi masa ciko.

To, ina matsalar? A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 6, Allah (S.W.T) Ya umurce mu da wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu idan za mu yi sallah, kuma farce yana cikin hannu. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda muka karanta a Ahalari, cuɗawa ma farilla ce, haka nan tsettsefe yatsun hannu wajibi ne. Malamai sun ce duk abin da ya yi jiki a kan gaɓa ya tare ruwa, kamar kakin zuma ko busasshen ƙullu ko fenti, dole a gusar da shi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A) cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wuri kamar girman farce a ƙafarsa ruwa bai taɓa ba, Manzon Allah (S.A.W) ya mayar da shi ya gyara alwalarsa. Wannan fa wuri ɗaya ne, 'yar uwa. Ina ga mai wurare goma?

Saboda haka alwala ba ta inganta da wannan farce, sallar da aka yi da wannan alwala ita ma ba ta inganta ba. Ki lissafa da kanki: salloli 5 a kwana 21 sun zama 105. Haka wankan janaba da na haila, su ma sai ruwa ya game jiki duka. Amaryar da aka kai ɗakinta da shi ta yi wanka, har yanzu janabarta na nan.

Wata za ta ce, "Ai sai da na yi alwala sannan aka sa mini." Wannan alwalar tana nan har ta warware, amma ta gaba fa? Shafa a kan huffi nassi ne ya zo da shi, babu irinsa a kan farce. Shafa a kan ɗaurin karaya ko bandeji lalura ce ta kawo shi, kwalliya kuwa ba lalura ba ce. Taimama ma ba ta halatta, tunda ga ruwa kuma ga lafiya. Wata kuma ta ce, "Ina fashin sallah ne." To, haila a galibi kwana shida ko bakwai ce, farcen kuwa ya fi haka daɗewa. Ran da kika ga tsarki, da wane hannu za ki yi wankan? Sannan wa ya ba ki tabbacin kaiwa gobe? Idan ta Allah ta kasance, masu yi miki wanka su same ki da shi.

Ko da babu zancen alwala, yanke ƙumba yana cikin sunnonin fiɗira, kuma Anas ɗan Malik (R.A) ya ce an iyakance musu kada su bar ta ta wuce kwana 40. Masana lafiya ma sun gano hikimar haka. Idan robar ta ɗan ɗaga, danshi yakan maƙale a tsakani, ƙwayoyin cuta su yi gida har farcen ya zama kore. A wani asibiti a birnin Oklahoma na Amurka, tsakanin 1997 da 1998, jarirai 16 sun rasu bayan sun kamu da irin wannan ƙwayar cuta, kuma bincike ya alaƙanta yaɗuwarta da ma'aikatan jinya biyu, ɗaya mai dogon farce, ɗaya mai na roba. Ke kuma da wannan hannu kike tsarki, kike dama kunu, kike ba yaro tuwo a baki.

Idan yanzu haka yana hannunki, kada ki ɓamɓare shi da haƙori ko reza, zai tafi da saman farcenki, kuma sabon farce kan ɗauki wajen wata shida kafin ya gama fitowa. Ki rage tsawonsa, ki goge samansa, ki jiƙa yatsun cikin asiton, wato ruwan goge jan farce mai ƙarfi, kamar rabin awa har ya yi laushi ya saɓule. Ki yi nesa da murhu, domin ruwan yana kama wuta. Sannan ki yi wanka idan akwai wanka a kanki, ki ƙirga sallolin da kika yi da shi ki rama su, ki nemi gafarar Ubangijinki. Ɗalibar nan tawa salloli 60 ta rama, ba ta yi kasala ba.

Musulunci bai hana ki ado ba, ado don maigida ma lada ne. Ga lalle nan da muka gada kaka da kakanni. Idan aka wanke ƙunshi launi kawai yake bari, ruwa na ratsawa, alwala ta yi. Iyayen amare da ƙawaye, ku ji tsoron Allah, kada ku kai yarinya ɗakin miji da abin da zai ɓata mata sallar makon farko. 'Yan uwa masu sana'ar kwalliya, ku riƙa faɗa wa mai zuwa gaskiya, arzikinku na wurin Allah. Wadda kuma kika gani da shi, ja ta gefe ki gaya mata cikin taushi, ban da gori a tsakar gidan biki.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, Ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum warahmatullah.