Gidan da Ake Zaɓa daga Jerin Sunaye

A manyan wasannin kwamfuta da dubban mutane ke yi tare ta intanet, abu na farko da ake ɗora wa sabon shiga, tun kafin ya ga ko bishiya ɗaya ta duniyar wasan, shi ne zaɓen sabar, wato babbar kwamfutar kamfani wadda ke riƙe da kwafi guda na wannan duniya tare da duk mutanen da ke yawo a cikinta. Wasan World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2004 kuma masu biyan kuɗinsa na wata-wata suka kai miliyan 12 a 2010, ya isa misali: da yake na'ura ɗaya ba za ta iya ɗaukar wannan taro ba, sai aka maimaita duniyar wasan, wadda ake kira Azeroth, a ɗaruruwan sabobi, kowace da duwatsu iri ɗaya da garuruwa iri ɗaya da dodanni iri ɗaya, amma da mutanenta dabam, da kasuwar gwanjonta dabam, da sunayen da suka yi fice a cikinta dabam. 'Yan wasa da yawa suna kiran sabar da suka daɗe a kanta gida, kuma ba da wasa suke faɗin haka ba. Tambayar da wannan ke tayarwa tsohuwa ce, ko da yake tufafinta sababbi ne: shin wurin da mutum ya tsinta daga jerin sunaye, bayan ya auna shi da wasu wurare irinsa, yana iya zama gida?

Abubuwan da mai zaɓe ke dubawa sanannu ne kuma duk ana iya auna su. Akwai nisan sabar, domin kowane umarni da ɗan wasa ya bayar sai ya je ya dawo, kuma jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba yana iya raba nasara da faɗuwa a lokacin gumurzu. Akwai harshe, domin a yankin Turai an ware sabobin Ingilishi da na Jamusanci da Faransanci da Sifaniyanci da Rashanci. Akwai irin dokar wurin, domin kafin 2018 wasu sabobin sun halatta wa ɗan ɓangaren Horde ya afka wa ɗan ɓangaren Alliance, wato ɓangarori biyu masu gaba da juna a wasan, a duk inda ya riske shi a daji, wasu sun hana sai da yardar juna, wasu kuma an keɓe su ga masu son yin magana da muryar jaruminsu kamar a wasan kwaikwayo. Sai yawan jama'a da daidaiton ɓangarorin biyu. Ɗan wasan da ke Kano ko Yamai, tun da kamfanin bai da sabar wannan wasa a Afirka, yakan jingina ne da na Turai, kuma abin da ke sauƙaƙa masa shi ne agogonsa ya yi daidai da na Faris da Balin a lokacin sanyinsu, bambancin kuma bai wuce awa ɗaya ba a lokacin zafinsu, saboda haka yammacinsa shi ne yammacin abokan wasansa. Duk waɗannan ma'aunai suna da amfani, sai dai babu ɗaya daga cikinsu da tsohon ɗan wasa ke ambata idan aka tambaye shi dalilin da ya sa ya kasa barin sabarsa.

Wuyar al'amarin ta fuskar falsafa ita ce, gida a ma'anarsa ta asali ba a zaɓensa. Mutum yana buɗe ido ne ya tarar da unguwa da maƙwabta da harshe, kuma ƙarfin da wurin ke da shi a zuciyarsa yana da alaƙa da cewa bai taɓa ɗora shi a kan sikeli ba. Zaɓe kuwa yana ɗauke da kwatance a cikinsa, kuma wanda ya kwatanta yau ya ɗauki wannan saboda ya fi, gobe zai iya kwatantawa ya ɗauki wancan saboda dalili ɗaya. Da wannan ne wasu ke yanke hukuncin cewa sabar masauki ce kawai. Amma Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya riga ya raunana tushen wannan hukunci a bayaninsa na asabiyya, wato ƙarfin haɗin kai da ke sa jama'a su tsaya wa juna: a ganinsa amfanin nasaba shi ne cuɗanyar da take haifarwa, kuma dogon zama tare da tarayya cikin wahala suna iya samar wa bawa da abokin ƙawance irin wannan haɗin kai ko da babu jini. Idan haka ne, abin bincike shi ne ko sabar tana samar da irin wannan cuɗanya, da kuma abin da ke sa ta samar da ita ko ta kasa.

A shekarun farko na wasan, amsar tana bayyane, domin sabar rufaffen gari ce. Jarumin da mutum ya gina, wanda ya ci masa watanni kafin ya kai matakin ƙarshe, galibi ba ya tsallaka zuwa wata sabar, kuma sunansa nasa ne shi kaɗai a wurin. Wanda yake son shiga kogon dodanni dole ya tsaya a babban birni ya yi cigiyar mutum huɗu, su yi tafiya tare har bakin kogon, kuma manyan farmaki kamar na Molten Core suna bukatar mutum 40 su hallara a sa'a ɗaya, mako bayan mako. A irin wannan zama suna yana da nauyi: wanda ya wawure ganimar da ba rabonsa ba, labarinsa kan zaga sabar kafin gari ya waye, ƙungiyoyi su daina gayyatarsa, wanda kuma aka sani da haƙuri da sabon shiga, ko maƙerin da ba ya tsawwala kuɗin aiki, shi ma sunansa kan riga shi isa. Abin da ya fi bayyana sabar a matsayin al'umma guda shi ne buɗe ƙofofin wani rufaffen wuri mai suna Ahn'Qiraj a farkon 2006, lokacin da aka ɗora wa kowace sabar, da ɓangarorinta biyu masu gaba da juna, tara tulin tagulla da fatu da bandeji da kifi da ganyaye kafin ƙofar ta buɗu, yayin da wata babbar ƙungiya ke taimaka wa mutum ɗaya ya haɗa sandar da za a buga ƙararrawa da ita. Sabar Medivh ce ta fara buɗewa a watan Janairu na wannan shekara, wasu kuwa suka yi watanni suna fama. Ƙaramin ɗan wasa da ya kai 'yan fatunsa bai san mafi yawan waɗanda suka kai nasu ba, amma ya san cewa ƙofar tasu ce, kuma jinkirinta abin kunyarsu ne su duka.

Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka mayar da sabar gida ba abokai kaɗai ba ne. Aboki ana zaɓensa, kuma ƙungiyar 'yan wasa tarin zaɓaɓɓu ce. Sabar kuwa tana ba mutum waɗanda bai zaɓa ba, irin su mai surutun da ba ya rabuwa da dandalin ciniki, da ɗan kasuwar da ya kame farashin wani ganye, da abokin gabar ɗaya ɓangaren wanda a wancan zamani ba a iya ko magana da shi amma an haddace sunansa saboda yawan haɗuwa a hanya. Waɗannan su ne maƙwabta, kuma ba banza ba ne tarbiyyar Musulunci ta ware wa maƙwabci haƙƙi dabam da na ɗan'uwa da na aboki, haƙƙin da bai dogara da ƙauna ko dacewar hali ba. Saboda haka wanda ya zaɓi sabar, a haƙiƙa ƙaramin abu ya zaɓa, wato ƙofar shiga. Abin da ke bayan ƙofar an ba shi ne kamar yadda ake ba jariri unguwa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma saɓanin nan da mutanen da ba a iya kauce musu yana cikin abin da ke koya wa mutum zama.

Tarihin wasan daga baya ya zama kamar gwaji a kan wannan ra'ayi. A 2006 kamfanin ya fara sayar da ƙaura, inda mutum ke biyan dala 25 a ɗauke jaruminsa zuwa wata sabar; a Disamba 2009 aka kawo na'urar da ke haɗa mutum da baƙi daga sabobi dabam-dabam ta jefa su cikin kogo nan take; a 2012 aka fara cakuɗa mutanen sabobi a filayen da suka yi ƙarancin jama'a, a 2013 kuma aka ɗaure ƙananan sabobi da juna. Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya bayyana a littafinsa na 1970 cewa wanda bai gamsu da wata ƙungiya ba yana da hanya biyu, ko ya fice ko ya ɗaga murya a gyara, kuma idan ficewa ta yi araha, waɗanda suka fi damuwa da inganci, waɗanda muryarsu ce ta fi amfani, su ne kan fara tafiya. Haka aka gani: sabar da ɓangare ɗaya ya fara rinjaya a cikinta, 'yan ɗaya ɓangaren kan yi ta zarewa har ta zama ta ɓangare guda, kuma wanda zai yi rabin awa da baƙin da ba zai sake gani ba, ba shi da dalilin ko yin sallama. Adalci dai ya wajabta a faɗi cewa ƙaura rahama ce ga wanda sabarsa ta mutu har ba ya samun abokin tafiya, ko wanda wasu suka sa shi gaba da cin zarafi, kuma rufaffen gari yana iya zaluntar mutum da tsohon laifinsa har abada. Kewar da tsofaffin 'yan wasa ke yi wa wancan zamani takan mance da wannan ɓangare.

Malaman fiƙihun Malikiyya suna da wani rabe-rabe da ke taimaka wa tunani a nan, ko da yake an kawo shi ne don fahimta kawai, ba don a daidaita ibada da wasa ba. Sun bambanta matafiyi da mazaunin wucin gadi, wanda ya yi niyyar kwana huɗu a gari har ya daina ƙasaru, sannan suka bambanta wannan da wanda ya ɗauki garin mazauninsa na dindindin, kuma da irin waɗannan na ƙarshe ne Juma'a ke tsayuwa, ko da yake baƙo yana halarta. Abin da ya raba mutanen uku ba ya cikin ƙasar da suke takawa, yana cikin niyya, kuma jama'a ba ta kafuwa da masu wucewa komai yawansu. Sabar ma haka take: tana iya cika maƙil da mutanen da ke duba ƙididdigar yawan jama'a kowane wata suna shirin tashi, ta kasance ba gidan kowa ba, wata kuma mai ƙarancin mutane ta zama gida saboda akwai waɗanda suka daina kwatance suka ɗauki nauyi, suna koyar da sababbi, suna sasanta rigimar ganima, suna zuwa a sa'ar da suka yi alkawari.

Mai cewa duk wannan wasa ne kawai yana da gaskiya a kan dodanni da zinariyar da ba ta sayen ko ƙwayar gero, amma mutum 39 da suka bar barcinsu suna jiran na arba'in mutane ne na gaske, kuma saɓa musu alkawari saɓa alkawari ne. Suka mai ƙarfi ta fi zuwa daga wata fuska, wato mallaka, domin ƙasar da aka gina wannan zama a kanta ta kamfani ce, mazaunanta kuwa 'yan haya ne da ba su da ko murya a ranar da za a rushe. A Afrilu 2016 aka rufe Nostalrius, wata sabar da masu sa kai suka kafa ba da izini ba don raya tsohon tsarin wasan, bayan lauyoyin Blizzard sun aika takarda, alhali masu tafiyar da ita sun ce tana da asusu kusan 800,000. Kukan da ya biyo baya yana cikin abin da ya kai ga fitar da World of Warcraft Classic a Agusta 2019, inda mutane suka riƙa jiran awoyi a layi don shiga sabar da abokansu suka zaɓa alhali akwai wasu da ba su cika ba. A Janairu 2023 kuma aka kashe dukkan sabobin wasan a Sin saboda yarjejeniyar Blizzard da kamfanin NetEase ta ƙare, aka ce wa 'yan wasa su sauke bayanan jarumansu su adana, kuma sai a tsakiyar 2024 wasan ya dawo.

A irin waɗannan lokuta ƙungiyoyi sukan tsira, domin suna da zaurukan hirarsu a Discord ko wata manhaja, suna iya ɗunguma zuwa wata sabar ko ma wani wasa, kuma wannan ya sa wasu ke cewa ƙungiya ce gidan gaskiya, sabar kuwa fili ce kawai. Sai dai abin da ke ƙaura a nan shi ne zaɓaɓɓun abokai. Mai surutun dandali da ɗan kasuwar ganye da abokin gabar da aka haddace sunansa ba su cikin zauren hirar kowa, babu mai lambarsu, kuma ko fayil ɗin da aka ba 'yan wasan Sin su adana ya ƙunshi makamai da zinariya da matakin jarumi ne, bai ƙunshi jerin waɗanda suka san sunansa ba.