Jar Fitila da Rai Mai Zargi

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota, irin Peugeot ɗin nan da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 da sauran tsararrakinta, ya san wata 'yar jar fitila da ke gaban direba, wadda takan kama idan an murɗa makulli, sa'an nan ta mutu da zarar inji ya tashi. Tawa motar, wadda ta ba shekara talatin baya, ta soma kunna fitilar nan ana cikin tafiya, da fari dishi-dishi, har wata rana da almuru a hanyar Zariya ta kama jawur ta ƙi mutuwa. Abokin tafiyata kuwa, da ya ga hankalina ya tashi alhali inji na ta aikinsa, sai ya ba ni shawara in sa a zare ƙwan in huta.

Kashegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota. Ya fara danna fanbel da babban yatsa ko ya saki, ya kankare kan batir, sa'an nan ya ɗora mita: lafiyayyen batir a zaune yakan nuna bolt 12.6, in inji ya tashi kuma ya kamata a ga kamar 13.8 zuwa 14.4, amma nawa sai ƙasa yake yi. Da ya kwance alteneta sai ga burushin gawayin da ke cikinta sun suɗe. Na ba shi labarin shawarar abokina, ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai da ka zare ƙwan nan, ko an sa sabon burushi da wuya ta yi caji."

Bayaninsa shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A yawancin motocin wancan zamani, ƙwan yana tsakanin batir da alteneta, kuma 'yar wutar da ke ratsa shi idan an murɗa makulli ita ce ke shiga naɗin wayar da ke juyawa a cikin alteneta ta ta da maganaɗisunsa na farko, wanda in babu shi, sau da yawa sai a yi ta juyi ba a haifi kome ba. Idan kuwa alteneta ta kankama, ƙarfin wuta ya daidaita ta ɓangarorin ƙwan biyu, sai ya mutu don kansa. Ashe mai gargaɗin nan yana cikin sabuban gyaran da yake kira zuwa gare shi.

Nan take tunanina ya tafi ga rai mai yawan zargin kansa, wanda Allah Maɗaukakin Sarki ya rantse da shi a farkon Suratul Ƙiyama. Mun saba ɗaukar nadama tamkar ɗan aike, wanda ya kawo mummunan labari a sallame shi, har wasu na ganin ƙuncin da mutum ke ji bayan ya yi saɓo wata cuta ce da ya kamata a yi wa magani da shagala. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya tsara al'amarin tuba a cikin littafinsa Ihya'u bisa matakai uku, wato ilimi da hali da aiki: sanin cutarwar zunubi yana haifar da raɗaɗi a zuci, raɗaɗin kuma shi ke haifar da niyyar bari da gyara. Wanda ya kashe na tsakiya, ko da iliminsa ya kai ina, ya yanke igiyar da ke haɗa saninsa da aikinsa, kuma ni a ganina wannan ne sirrin mutanen da muke mamaki, waɗanda suka san hukuncin tauye mudu sarai, suna kuwa tauyewa.

Abin da ke ruɗin direba shi ne idan caji ya yanke mota ba ta tsayawa nan take, domin tana cin ajiyar batir, kamar yadda magaji ke cin gadon da bai ƙara masa kome ba, har fitilun gaba su dushe, inji ya mutu a inda babu gari. Malamai suna da suna ga irin wannan jinkiri da ake zaton lafiya ce, suna ce masa istidraji. Gaskiya ne kuma fitila takan yi ƙarya, idan wayarta ta goge ta taɓa ƙarfen mota, kamar yadda waswasi kan hana bawa sakat a kan abin da ba laifi ba. Maganin wannan awo ne a wurin masani.

Mas'alar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta duhun fitilar, domin duhun nan iri biyu ne, ido kuwa ba ya rarrabe su: akwai na motar da ke caji, akwai na motar da ƙwanta ya ƙone. Haka zuciyar da ta natsu da zuciyar da ta ƙeƙashe, dukansu ba sa damun mai su da dare, kowannensu kuma yana iya cewa shi bai jin kome. Na tambayi dattijon yadda ake ganewa, ya ce a murɗa makulli kafin a ta da inji, a lokacin da aka tabbata babu caji. In ta kama, shirunta na kan hanya abin amincewa ne. Na ga kuwa mutum yana iya yi wa kansa irin wannan jarrabawa, ya tuno wani haƙƙi da ya tabbata ya danne, bashi ne ko giba ko yanke zumunci, ya saurara ya ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Na gwada a daren nan, abin da na samu kuwa ya sa na yi sammako zuwa gidan wani ɗan'uwana da muka shekara biyu ba ma gaisawa.