Ramin Kan Hanya, Wa Za a Tambaya?



'Yan uwa, makon jiya na yi wa wani matashi ɗan acaɓa sallar jana'iza. Rami ya kauce wa, babbar mota ta same shi. Ya bar mata da yara biyu. A wajen gaisuwa kowa faɗi yake: ƙaddara ce. Gaskiya ne, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma imani da ƙaddara ba ya ɗauke alhaki daga wuyan wanda aka ba kuɗin cike ramin nan bai cike ba.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. To idan ɗauke ƙaya ibada ce, ina hukuncin wanda ya karɓi kuɗin gyara ya zuba jar ƙasa, ruwan farko ya wanke?

Ku duba hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya har Kano, kusan kilomita 375. Tun ƙarshen 2017 aka ba da kwangilarta, a 2024 aka soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ba a gama ba. Hukumar FERMA kuwa tun 2002 aka kafa ta don gyaran titunan tarayya, ana ware mata kaso a kasafin kuɗi. Ban ce wane ya ci ba, don ban gani ba, kuma zato zunubi ne. Cewa nake talaka yana da haƙƙin a yi masa lissafi.

Wannan ba bidi'a ba ce. A Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) da kansa ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafin zakkar da ya karɓo, ya kuma hau mumbari ya yi inkarin kyautar da aka ba shi saboda muƙami. Kai jami'in da ke sa hannu cewa aiki ya kammala alhali ka san bai kammala ba, wallahi shaidar zur ka yi. Umarar da ka tafi da kuɗin ba ta cike ramin.

Me za mu yi? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukuma ka tambaya, su kuma su amsa cikin kwana 7. Ku haɗu a unguwa ku rubuta: nawa aka ware, wa aka ba, yaushe zai gama? Ku tambayi ɗan majalisarku cikin ladabi, ba zagi, ba ƙage.

Mu ma da namu. Mai zuba shara a kwata har ruwa ya hau kwalta, da mai lafta wa tirela kayan da ya fi ƙarfin titi, su ma za a tambaye su.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyoyinmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.